Marainan jariranmu da gubar da muka shigar ɗakin mai ciki

Duk baƙon da aka kawo Kano yawon buɗe ido, da wuya a mayar da shi filin jirgi ba a biya da shi karofin Ƙofar Mata ba. Zai tsaya bakin ramukan rinin da marina ke cewa tun 1498 ake aiki a cikinsu, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya ɗauki hoton dattijo a tsugune yana tsoma zane yana ɗagowa, ya sayi ɗan ƙyalle ya kama gabansa. Ba a kai shi maƙwabcin karofin, Asibitin Murtala, alhali nisan bai kai a hau abin hawa ba. Ni kuwa yau can nake so mu leƙa, domin akwai wata lalura ta 'ya'ya maza da ake kawowa asibitocinmu a makare, wadda masana a wasu ƙasashe suka fi shekara 20 suna zargin tana da nasaba da abin da uwa ke shaƙa, take ci, take shafawa lokacin da take da juna biyu.

A gafarce ni, maganar ta shafi tsiraici, amma malamanmu ba su taɓa tsallake babin tsarki a karatun zaure don jin nauyi ba. Lalurar ita ce a haifi yaro ɗaya daga 'ya'yan marainansa, wani lokaci ma duka biyun, bai sauko cikin jakarsa ba. Asali ba a jakar ake halittarsu ba. Can cikin cikin ɗan tayi suke farawa, kusa da ƙoda, sannan su yi tafiya zango biyu. Tsakanin mako na 8 da na 15 na ciki su gangaro gindin mara. Wajen mako na 25 zuwa na 35 su ratsa wata 'yar kafa a matsematsi su faɗa jaka. Kowane zango da sinadarin jiki mai ba shi umarni, wanda likitoci ke kira homon, na zango na biyu kuwa shi ne testosteron, homon ɗin mazantaka, wanda marainan ɗan tayin ke samarwa da kansu. In umarnin ya yi rauni, ko wani abu ya gitta, sai tafiya ta tsaya a hanya.

A cikin jarirai maza 100 da suka cika wata tara, ana samun 2 zuwa 4 da wannan matsala. A cikin bakwaini kuwa takan kai kusan 30 cikin 100, tun da an haife su tafiyar ba ta ƙare ba. Da yawa suna saukowa da kansu a watannin farko, amma wanda ya wuce wata 6 bai sauko ba, da ƙyar in zai sauko. Shi ya sa idan aka duba yara 'yan shekara ɗaya, ake samun kusan 1 cikin 100 gefen jakarsa guda fayau. A jihar da ake haifar dubban ɗaruruwan jarirai kowace shekara, mai karatu ya buga lissafin da kansa.

Allah ya rataye maraina a wajen jiki da hikima. Jakar ta fi cikin jiki sanyi da digiri 2 zuwa 3, kuma ƙwayoyin haihuwa ba sa jure zafin cikin mutum. Ɗan marainan da ya maƙale a ciki yakan fara rasa waɗannan ƙwayoyi tun yaro bai iya magana ba. In gefe ɗaya ne, mafi yawa suna haihuwa. In duka biyun ne aka bar su, rashin haihuwa ya zama abin fargaba ƙwarai. Ga kuma ƙaba da takan zo tare da shi, ga murɗewar jijiya, ga uwa uba ciwon daji. Wani bincike da aka buga a 2007 kan maza kusan 17,000 da aka yi wa aikin a ƙasar Suwidin ya nuna wanda aka yi wa kafin shekara 13 haɗarinsa na kamuwa da dajin maraina ya ninka na sauran maza sau biyu da ɗoriya, wanda aka bari ya wuce haka kuwa ya ninka fiye da sau biyar. Saboda haka ƙungiyoyin likitocin tiyata a Turai da Amurka suka tsaya a kan a yi aikin tsakanin wata 6 da wata 18. Aiki ne da bai cika kai awa ɗaya ba, sau da yawa ma a ranar ake sallamar yaro.

Mu nan fa? Tun a 2000 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Emmanuel Ameh da abokin aikinsa Mbibu, suka buga abin da suka gani a Zariya, inda mafi yawan yaran sai da suka wuce shekara biyu aka yi musu aiki, wasu har sun daɗe a firamare. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna matan Arewa maso Yamma da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Jaririn da aka haifa a ɗaki, hannuwa uku ne ke fara taɓa shi: na ungozoma, na tsohuwar da ke masa wanka, da na wanzamin da zai yi masa aski ran suna. Babu wanda aka koya wa ya laluba jakar. Uwa kuma, musamman mai haihuwar fari, kunya ba za ta bar ta ta tsura wa wurin ido ba, balle ta buɗe baki ta gaya wa mai gida ko surukarta. In ma wata ta lura, sai a ce mata, "Ki ƙyale shi, in ya girma zai sauko," ko kuwa, "Haka Allah ya yi shi." Sai lokacin kaciya a gani, a gidajen da har yanzu ake jiran yaro ya kai shekara bakwai a jira sanyi. Wani sai wurin gwajin lafiya na ɗaukar soja. Wani kuma sai bayan ya yi shekaru da aure babu ko ɓatan wata, an gama yi wa matar gori, an ɗura mata saiwoyi, an kai ta gidan malamai, har an yi mata kishiya, sannan likita ya ce mijin ya kwanta a duba shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mini rai.

Sai maganar musabbabi. Abin da ya tabbata shi ne haihuwar bakwaini, da ƙarancin nauyin jariri, da gado, sannan shan taba lokacin goyon ciki yana ƙara haɗarin. Amma gado ba ya canzawa cikin shekara goma, kuma ba ya bin iyakar unguwa. Abin da ya tayar da hankalin masana ke nan.

Darasin farko daga magani ya fito. Daga wajen 1940 zuwa 1971 likitoci a Amurka da Turai sun riƙa bai wa masu ciki wani homon na mata da aka haɗa a masana'anta, mai suna DES, da nufin hana ɓari. Ɓarin bai hanu ba, amma 'ya'yan mata suka tashi da wani irin daji na bakin mahaifa da farji da ba a saba gani ba, 'ya'ya maza kuma rashin saukar maraina ya kusa ninkawa a cikinsu. Daga nan aka san cewa abin da ya yi kama da homon, in ya ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, yana iya rikita halittar al'aurarsa. A 2001 Farfesa Niels Skakkebæk na birnin Kofanhagan ya kawo ra'ayin cewa rashin saukar maraina, da buɗewar ƙofar fitsari a ƙasan azzakari, da ƙarancin ƙwayoyin maniyyi, da dajin maraina, sau da yawa tushensu ɗaya, wato tangarɗar da ta auku tun a ciki. A 2004 aka duba jarirai da ma'auni iri ɗaya a ƙasashe biyu maƙwabta: a Denmak kashi 9 cikin 100 aka samu da matsalar ran haihuwa, a Finlan kashi 2.4. A Denmak ɗin dai an lura 'ya'yan matan da ke aikin lambu da ɗakunan renon furanni, inda ake yawan feshi, sun fi sauran yara samunta.

Binciken da ya fi kama da halinmu na Faransa ne, wanda hukumar lafiyar ƙasar ta buga a 2021. Sun tattara bayanan duk yaron da aka yi wa wannan aiki daga 2002 zuwa 2014, yara 89,382, suka ɗora kowa a kan taswira gwargwadon inda yake zaune. Suka ga abin ya ƙaru da kashi 36 cikin 100 a waɗannan shekaru, kuma bai bazu daidai ba, ya taru a wurare 24. Mafi girma a kewayen garin Lens ne a arewacin ƙasar, tsohon yankin haƙar kwal, inda wata ma'aikatar narka dalma da tutiya ta yi fiye da ƙarni tana aman hayaƙi kafin a rufe ta a 2003. Sauran wuraren ma da dama na masana'antun ƙarfe ne da ma'adinai, wasu na gonaki. Masu binciken ba su ce sun kama ɓarawo da kaya a hannu ba. Sun faɗa da bakinsu cewa waɗannan yankuna na talakawa ne, inda shan taba da haihuwar bakwaini suka fi yawa, don haka da wuya a tsame laifin guba daga laifin talauci. Idan aka haɗa binciken duniya wuri guda ma, ƙarin haɗarin da kowane sinadari shi kaɗai ke jawowa kaɗan ne. Sai dai babu mai cikin da ke haɗuwa da sinadari ɗaya tak. A gwajin ɓeraye an nuna cewa 'yan ƙananan ma'aunai na sinadarai daban-daban, waɗanda kowane shi kaɗai bai yi komai ba, in suka haɗu sukan dakushe homon ɗin mazantaka.

To, mu dawo gida. Zan fara da wanke marinan Ƙofar Mata, don kada wani ya karanta rabin maƙala ya tafi yana cewa karofi na kashe mazantaka. Rinin gargajiya baba ne da toka da kanwa da ruwa, a bar su su ruɓa tsawon makonni. Abin da ya canza shi ne galura. Tun da Jamusawa suka fara sayar da shunin masana'anta a 1897 rinin duniya ya juya, yau kuwa mafi yawan shaddar da ake rinawa a Kano ba ta ganin ramin karofi. A ganga ake dafa ta a lungu da soro da tsakar gida, da galura da soda mai cin hannu da wata hoda mai warin tsiya, mata na ciki, masu ciki na ciki, a gama a tuttular da ruwan a kwata. Babu binciken da ya ɗaure galura da wannan lalura. Abin lura shi ne hanyar da ruwan ke bi. Kwatocin cikin birni Jakara suke faɗawa, a gaba rafin Getsi ya kawo mata dagwalon masana'antun Bompai, su zarce dam ɗin Wasai. Da wannan ruwa ake ban-ruwan latas da alayyafo da kabeji da ke dawo mana kasuwa. A kudu kuma majemun zamani na Challawa da Sharada sun daɗe suna zubar da ruwan jima mai ɗauke da kuromiyam, kuma masana a jami'o'inmu sun sha auna ƙarafa masu guba, har da dalma, a ƙasa da ganyen waɗannan fadamu. Wanda ke ganin dalma labarin Turai ce ya tuna 2010, lokacin da gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. A tsakar gida aka riƙa daka duwatsun zinariya, gaban mata da yara.

Duk da haka ba masana'anta ce ta fi kusa da mai ciki ba. Ɗakinta ne. Da magariba a yayyafa fiya-fiya a ƙarƙashin gado da bayan labule, a rufe ƙofa da taga, bayan isha'i ta shiga ta kwana cikin warin. Fiya-fiya ɗin nan da ake ɗurawa a kwalaben da babu ko takarda, da Sniper, guba ɗaya ce mai suna dikulobos, ta gona ce, ba ta ɗakin kwana ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, amma kowa ya san ba sai an sha wuya ake samun irinta ba. Ita ce dai aka samu ta yi yawa a wakenmu har Tarayyar Turai ta rufe masa ƙofa a 2015. Waken da Bature ya ƙi bai koma gona ba, mu muka yi alala da ƙosai da shi. A Kadawa da Kura da Bunkure matashi zai goya tankin feshi ba takalmi ba safar hannu, ya dawo ya miƙa wa matarsa kayan ta wanke, galan ɗin maganin kuma a ɗauraye a mayar da shi na zuba mai ko ruwa. Sai roba mai laushi, irin ledar tsakar ɗaki da ake shimfiɗa wa amarya, da kayan wasan yara masu arha, da wasu turarukan kanti da jan farce. A cikinsu ake samun sinadaran da ake kira falet, waɗanda a gwajin dabbobi aka tabbatar wasunsu suna rage testosteron ɗin ɗan tayi, har Turai ta hana sa su a kayan wasan ƙananan yara tun 1999. Mu kuwa da leda muke hura gawayi, a bola muke ƙona roba da wayoyin lantarki, da taya ake babbake kai da ƙafa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne ba mutanen da suka kai mu kishin haihuwa. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargin an sa masa maganin hana haihuwa. Sai a watan Yulin 2004 aka ci gaba, bayan an kawo wani daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, yara sun shanye, Nijeriya ba ta rabu da ita ba sai 2020. Kan ɗigo biyu a bakin yaro gari ya ɗauka, aka yi huɗuba, aka kafa kwamitoci, aka tura mutane ƙasashen waje su yi gwaji. Kan gubar da muke saye da kuɗinmu mu fesa inda mai ciki ke numfashi kuwa, ko huɗuba ɗaya ban ji ba. An bar jaki ana dukan taiki. In da gaske zuriya muke karewa, ga inda hujjar ta fi ƙarfi.

Na san abin da magidanci zai ce: sauro yau yake kisa, wannan kuwa maganar shekara ashirin ce nan gaba. Gaskiyarsa. Zazzaɓin cizon sauro a jikin mai ciki yana jawo bakwaini da ƙaramin jariri, waɗanda su ne manyan musabbaban lalurar da muke magana a kai, saboda haka ba cewa nake a bar sauro ya sha shagalinsa ba. Gidan sauro ya fi fiya-fiya aiki, kuma kyauta ake bayarwa a awon ciki, tare da ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin. Wake ma ba dole sai da guba yake ajiyuwa ba. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi, aka kuma gwada shi da manoman Maraɗi da na Kano, iska yake toshe wa ƙwari su mutu. Ɗan kasuwar Dawanau ya san shi sarai, arhar guba ce ke rinjayarsa, kuma zai ci gaba muddin ba mai auna buhunsa.

Ga hukuma, buƙatata ta farko ba ta cin kuɗi. Faransa ta gano wuraren nan 24 ne saboda tana rubuta kowane aikin tiyata da adireshin mai shi a kundi ɗaya. Mu ba mu da irin wannan kundi na ƙasa. Amma kowane ɗakin tiyata yana da littafinsa. Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da sauran masu yi wa yara aiki su ƙara layi uku kawai: unguwar da uwa ta yi goyon ciki, sana'arta, sana'ar mijinta. Cikin 'yan shekaru ɗaliban Jami'ar Bayero za su iya gaya mana ko 'ya'yan bakin Jakara da na kusa da Sharada sun fi na sauran unguwanni samun lalurar. In ba su fi ba, mun huta da zargi. NESREA, da aka kafa tun 2007 don tsaron muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jiha, su riƙa buga sakamakon awon ruwan Challawa da Jakara a fili, kowa ya gani.

Buƙata ta biyu ta fi gaggawa, domin ko an kulle duk masana'antun Kano gobe, za a ci gaba da haifar yara da wannan matsala. Ana kai jariri rigakafi a mako na 6, da na 10, da na 14, da wata na 9. Sau huɗu ke nan ma'aikaciyar lafiya ke riƙe shi, wasu lokutan ma a cinya take yi masa allura, wando a kwance. Me zai hana a ƙara gurbi a katin rigakafi, ta laluba ta rubuta ko biyu ta ji? Ungozomomi da wanzamai su ma a koya musu. Wanzami ya fi kowane likita ganin tsiraicin 'ya'ya maza a ƙasar Hausa, kuma suna da sarakunan aska da ake jin maganarsu, a bi ta hannunsu.

Iyaye kuma ga yadda ake yi. Bayan wanka da ruwan ɗumi, jiki ya saki, hannu da ɗumi, a shafo daga matsematsi zuwa jaka a hankali. Akwai yaran da nasu ke noƙewa sama in sun ji sanyi ko tsoro, su dawo in jiki ya yi ɗumi. Wannan ba ita ce lalurar ba, ko da yake yana da kyau a riƙa dubawa har yaro ya girma, don wani yakan haura daga baya ya zauna. Wanda ba a taɓa jin sa a jaka ba har wata 6, a kai shi wurin likitan tiyata kai tsaye. Kada a ɓata kuɗi a kemis, kada a matsa wurin da sunan janyo shi, kada a tafi ɗaukar hoton ciki kafin likita ya gani, don hannunsa ya fi hoton faɗa masa gaskiya a wannan lalura. Jaririn da aka duba ba a ji ko ɗaya ba a gefe biyun, wannan ba ya jiran wata 6, a kwanakin farko ake son likita ya gan shi. Wanda kuma ya riga ya girma da abin, ko ɗan shekara goma ne ko magidanci, shi ma ya je, domin dajin maraina samari da masu ƙarfi yake kamawa, daga shekara 15 zuwa wajen 40, kuma yana cikin cututtukan daji da suka fi jin magani in an gano su da wuri.